Tallafin karatu a jami'o'in Kirista

Ɗalibin Tasawa ko Mayahi da ya ci jarrabawar BAC, jami'ar gwamnati da ke jiharshi ita ce Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. A can hukumar ANAB ce ke biyan burs duk wata uku, wanda bai samu ba kuma yana iya neman tallafin shekara, ko da yake kuɗin kan makara har ɗalibai su fita zanga-zanga.

Jami'o'in Kirista kuwa masu zaman kansu ne, da kuɗin ɗalibai suke tafiya. UCAO, wadda bishop-bishop na Katolika suka kafa a 2000, tana da rassa a Abidjan, Bobo-Dioulasso, Kwatano da Lome. Karatu da Faransanci ne, biya da sefa, kuma Musulmi ma na shiga. Bingham ta cocin ECWA, da aka kafa a 2005, wadda ke Karu kusa da Abuja, sai da Ingilishi da naira.

Rangwame a irin waɗannan jami'o'i alfarma ce da ake roƙo daga jami'ar ko cocin ɗalibi. Kafin uba ya saida gero ko bisashe, ya nemi a rubuta mishi abin da aka yafe: kuɗin karatu kaɗai, ko har da ɗaki da abinci, kuma na shekara nawa.