Kuɗin Dawa da Kuɗin Ruwa: Tarihin Biyan Haƙƙin Farauta da Su a Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

Tarihin Daura, kamar yadda aka gaje shi daga kaka da kakanni, da kisan dabba ya fara. An ce wani maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar Kusugu, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ran Juma'a. Da baƙo Bayajida ya kashe shi cikin dare, sai ya yanke kan ya adana. Gari na wayewa mutane suka yi ta da'awar su ne suka yi aikin, don kwaɗayin rabin garin da Sarauniya Daurama ta yi alkawari, amma aka rasa mai nuna kan macijin sai shi. A wannan labari mai mulki ne ya biya wanda ya yi kisan, shaidar da aka nema kuwa wani sashe ne na jikin dabbar.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda al'amarin ya juya, har ya zama maharbi da masunci su ke biyan hukuma kuɗi tun kafin su fita, shaidarsu kuma ta koma takarda. Za a duba zamani uku, watau kafin zuwan Turawa, da lokacin mulkinsu, da bayan samun mulkin kai, don a ga abin da talaka ke bayarwa a kowane zamani da kuma abin da yake samu a madadinsa.

2.0 Dawa da Ruwa Kafin Zuwan Turawa

Ƙasar Daura jigawa ce, ba ta da babban kogi mai gudu rani da damina. Saboda haka su a nan na tafkuna ne da fadamu, inda akan jira ruwa ya ja baya a shiga da koma a kama tarwaɗa, in kuwa tafki ya ƙafe a haƙo gaiwa daga cikin busasshen taɓo. Farauta ita ce ta fi ƙarfi, kuma iri biyu ce kamar a sauran ƙasar Hausa. Akwai ta maharba, waɗanda suka gaji sana'ar, masu kwari da baka da dafin kwankwani, masu ɗana tarko da haƙo, waɗanda kan yi kwanaki a dawa. Akwai kuma farautar gayya ta rani, wadda samarin garuruwa kan fita da karnuka da gora da kiɗa bayan an kawar da amfanin gona.

A wancan zamani ba a sayen izinin shiga dawa. Abin da aka sani shi ne rabo. In maharbi ya kashe babban nama, yakan kai wani sashe, galibi cinya, ga mai garin da aka yi kisan a ƙasarsa. Fatar zaki da ta damisa da gashin jimina kuwa kayan sarauta ne, fada suke nufa. Haka masunci kan fid da na Sarkin Ruwa da na mai gari daga abin da ya kama. Kowace sana'a tana da shugabanta, kamar Sarkin Baka ko Sarkin Dawa ga maharba, shi ke tattara gaisuwar mutanensa ya miƙa, shi ke raba gardama in biyu sun yi jayayya a kan wanda ya fara sa wa dabba kibiya.

Abubuwa uku ya kamata a lura da su game da wannan tsari. Na farko, bayan kamu ake biya, wanda ya dawo hannu rabbana ba a binsa kome. Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, to, mai mulki ma sai an ci gudun an kama yake samun nasa. Na biyu, mai karɓa sananne ne, ana gaisawa da shi kullum. Na uku, akwai hakki a wuyan kowane ɓangare. In kura ta addabi garke ko gadu ya dami gonaki, maharba ake kira, kuma su ne 'yan leƙen asiri da jagororin hanya in yaƙi ya taso. Mai gari kuma shi ke tsare musu dajinsu daga baƙi, Sarkin Ruwa ya hana shiga tafki sai ranar da aka buɗe shi.

2.1 Jihadi da Matsayin Shari'a

Wajen 1805 mutanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a ƙarƙashin Malam Isiyaku, suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita. Daga baya zuriyar tsohuwar sarauta ta kafu a Zango da Ɓaure, ƙasar ta rabu uku, Damagaram kuma tana danno hannunta daga arewa.

Masu jihadi sun zo da hujja a kan kuɗaɗen da sarakunan Haɓe ke karɓa. A cikin Kitab al-Farq Shehu ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa cikin abubuwan da ya soka. A fiƙihun Malikiyya naman dawa da kifi halal ne ga wanda ya riga kai hannu, kuma ba su cikin dukiyar da ake fitar wa zakka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilmi a ƙasar Hausa ya sani, ta halatta farautar neman abinci, ta karhanta wadda ake yi don wasa kawai.

Duk da haka kuɗin sana'a bai mutu ba. Barth, wanda ya zo Katsina da Kano a 1851, ya tarar ana karɓar wuri 2,500 daga kowane magidanci a matsayin kuɗin ƙasa, a Kano kuma wuri 700 a kan kowace rijiyar rini. Kuɗin su yana cikin irin waɗannan kuɗaɗe na sana'a. Sai dai rabuwar ƙasar Daura da yawan hare-hare sun bar dazuzzuka masu faɗi a tsakanin garuruwa, inda manomi ba ya iya zama. Rashin zaman lafiyar mutane ya zama garkuwa ga namun daji.

3.0 Zamanin Turawa

Asalin lasin farauta a ƙasashen nan ba daga Daura ko Kano yake ba. A watan Mayu na 1900 ƙasashen Turai masu mallaka a Afirka, ciki har da Ingila da Faransa da Jamus, suka sa hannu a Landan a kan wata yarjejeniya ta kare dabbobi da tsuntsaye da kifaye. Ta nemi kada a yi farauta sai da lasin, a taƙaita amfani da raga da ramin haƙo, a hana kama kifi da guba ko nakiya, a kuma ƙwace hauren giwa da bai kai kilo 5 ba. Zaki da damisa da kura da kada kuwa an sa su cikin dabbobin da ake so a rage. Yarjejeniyar ba ta sami cikakken amincewar da za ta fara aiki ba, amma a kanta Ingila ta gina dokokin ƙasashen da take mulka. A Nijeriya an yi Dokar Kare Namun Daji a 1916, sa'an nan aka sake wata yarjejeniyar a Landan a 1933.

A Daura shekarar 1906 ta haɗa abubuwa uku. A cikinta Turawa suka mai da sarauta ga tsohon gida, suka naɗa Malam Musa. A cikinta aka yi dokar Lugga ta kuɗin shiga, wadda ta nufi narkar da ƙananan kuɗaɗen sana'a cikin haraji guda da ake yanka wa gari. A cikinta kuma Ingila da Faransa suka daidaita kan iyaka, aka bi aka kafa alamu zuwa 1908, wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura, kamar wajen Magarya, ya faɗa hannun Faransa. Barewa ba ta san da wannan layi ba, amma maharbin da ya bi ta ya tsallaka ya shiga wata doka dabam.

Da aka kafa Baitulmali, sarki da hakimai suka koma 'yan albashi, abin da suke karɓa hannu da hannu a da ya zama ko dai kuɗin En'e mai rasit, ko kuma abin da doka ba ta sani ba. Cinyar mai gari ba ta ɓace ba, amma ta sauka daga hakki ta koma kyauta. Cikin dogon mulkin Sarki Abdurrahman, daga 1911 zuwa 1966, aka keɓe gandayen daji, aka ɗauki malaman daji, Daura kuma ta bar Lardin Kano ta shiga na Katsina a 1934.

Abin lura shi ne wanda aka yanka wa rigar lasin. An tsara shi ne da Bature mai bindiga a zuciya, Razdan ko Di'o ko baƙo, wanda zai biya kuɗi a rubuta masa yawan dabbobin da zai harba don nishaɗi. Watau farautar da Risala ta karhanta ita ce ta sami takarda da hatimi, dabarun mai neman abinci kuwa, irin su haƙo da sa wa daji wuta da zuba magimfa a tafki, su aka fi sa wa ido. Gaskiya ne wasu daga cikin dabarun nan suna da ɓarna, domin magimfa ba ta bar ƙaramin kifi ba. Amma da yake ba a nemi shawarar sarakunan sana'a ba, talaka ya ɗauki dokar a matsayin wani sabon haraji, ya bi da ita yadda ya saba bi da haraji, watau da ɓuya.

4.0 Bayan Mulkin Kai

Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin Yankari a 1956, ta buɗe shi ga masu ziyara a 1962, sa'an nan ta yi Dokar Namun Daji ta 1963. Wannan doka ta kasa dabbobi hawa-hawa: waɗanda aka haramta taɓawa, da waɗanda ba a harbi sai da izini na musamman, da waɗanda lasin na kullum ya isa. Ita ce jihohi suka gada da aka raba Arewa a 1967. Daura ta zauna a Jihar Tsakiyar Arewa, wadda aka sake wa suna Kaduna a 1976, har aka ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumba na 1987.

A wannan tsakani ikon da ke hannun fada ya yi ta zarewa. An karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai daga En'e tun wajen 1968, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗin kanta, a 1979 kuma Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Maharbi ya wayi gari da iyayen gida da yawa. Bindigarsa ta toka, bisa Dokar Makamai ta 1959, lasinta na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda. Izinin farauta na ma'aikatar jiha ne. Cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa kuwa Gwamnatin Tarayya ta kama shi da Doka ta 11 ta 1985.

Su ma ya sake kama. Madatsun ruwa irin na Dabiram da Sabke sun kawo ruwan da ba ya ƙafewa, suka jawo masunta masu jirgi da taru, kifi ya zama hajar kasuwa. Dokar soja ta 108 ta 1992 ta sa lasin a kan jiragen su na ruwayen cikin ƙasa, ta kuma hana guba da nakiya. Tsarin Mulki na 1999 kuwa ya fid da su na koguna da tafkuna daga jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke da iko a kai. Ruwan da gwamnati ta tare, gwamnati ke da ta cewa a kansa, Sarkin Ruwa sai ya zama mai shiga tsakani.

5.0 Abin da Lasin Bai Iya Ba

Lasin yana ƙayyade hannun mai harbi, amma ba kibiya ce ta fi cinye namun ƙasar Daura ba. Zaman lafiya ya sa an watsu cikin dazuzzukan da yaƙi ya hana nomawa, noman gyaɗa ya bunƙasa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jama'a ta yi ta ƙaruwa, sa'an nan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 suka ƙarasa abin da gatari ya rage. Inda babu kurmi babu gwanki, ko da kowane maharbi yana riƙe da takarda. Abin da ya rage wa 'yan farautar rani galibi zomo ne da kurege da gafiya da fakara.

Wannan ne ya sa maharban Arewa ke tafiya nesa neman nama, tafiyar kuma tana da haɗari. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne 'yan Jihar Kano da ke komawa gida salla, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. A gida kuma, da 'yan fashin daji suka addabi yammacin Jihar Katsina, maharba na cikin waɗanda jama'a ta koma wa, saboda sanin dawa da suka gada. Aikin tsaron da suke yi wa sarakuna a da ya dawo wuyansu, alhali tsarin da ke saka musu ya rushe.

6.0 Kammalawa

An ga yadda biyan haƙƙin dawa da ruwa a ƙasar Daura ya tashi daga rabon abin da aka kama, wanda ake miƙa wa shugaba sananne, ya koma kuɗin da ake biya tun kafin fita, a ofis mai nisa. Tsohon tsari yana da nasa zalunci, shi ya sa masu jihadi suka soke shi, amma ya ɗaure mai karɓa da mai bayarwa da igiya ɗaya, domin in dawa ta ƙare dukansu sun yi asara. Sabon tsari ya zo da ilmin kare dabbobi da lissafi a rubuce, amma kuɗin da aka karɓa yakan shige asusun gwamnati ba tare da mai biya ya ga ya dawo dajinsa ko tafkinsa ba. Duk gyaran da za a yi nan gaba sai ya waiwayi wannan giɓi, ya sa Sarkin Baka da Sarkin Ruwa cikin yanka kuɗin da kashe shi. Wajibi ne kuma masu nazari su hanzarta ɗaukar bayanan tsofaffin maharba da masunta na Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, domin sunayen dabbobi da na tarkuna da ƙa'idojin rabon nama suna tafiya tare da masu su.