Abubuwan da ke sa jijiyar da aka dasa a zuciya ta ɗore ko ta toshe bayan tiyatar ƙaramin yanka

Idan kitse ya toshe jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya jini, likita kan ɗauko wata jijiya daga jikin majiyyacin, ya ɗinka ta gaba da inda aka sami toshewar, domin jini ya sami hanyar ratse. A tsarin da aka saba, sai an raba ƙashin ƙirji biyu, a tsayar da zuciya, inji ya karɓi aikinta da na huhu. Daga tsakiyar shekarun 1990, likitoci irin su Federico Benetti na Ajantina da Antonio Calafiore na Italiya suka yaɗa wata hanyar: a yi ɗan yanka na santimita kaɗan a tsakanin haƙarƙarin hagu, a yi ɗinkin zuciya na bugawa. Majiyyaci kan miƙe da wuri, ƙashinsa kuma ba a taɓa ba. Sai dai ma'aunin nasarar aikin shi ne ko jijiyar da aka dasa za ta ci gaba da wucewa da jini bayan shekara guda, da bayan shekara goma.

Abu mafi tasiri shi ne irin jijiyar da aka zaɓa. Wadda ke bin bayan ƙirji ta gefen hagu, mai kai jini ce, kuma ta saba da ƙarfin bugun zuciya. Idan aka haɗa ta da babbar jijiyar da ke gangarowa ta gaban zuciya, sama da kashi 90 cikin 100 kan kasance a buɗe bayan shekara 10. Jijiyar ƙafa kuwa mai mayar da jini ce, an halicce ta don jini mai tafiya a hankali, don haka kusan rabin waɗanda aka dasa kan toshe ko su lalace a cikin wannan wa'adi. A nan tiyatar ƙaramin yanka ta yi dace, domin galibinta wancan haɗi na farko take yi. Haɗin ma ba sabo ba ne: Vasilii Kolesov ya ɗinka jijiyar ƙirji a jikin jijiyar zuciya a Leningrad tun 1964.

Wurin da za a ɗinka ma yana da nasa hukuncin. Jijiyar da faɗinta bai kai milimita ɗaya da rabi ba, ko wadda ta ƙandare, ko ta nutse cikin tsoka, tana da wuyar ɗinki, jini kuma ba ya gudu a cikinta sosai. Akwai kuma wani abin da kan ba mutane mamaki: idan toshewar asali ba ta yi tsanani ba, jini kan ci gaba da bin tsohuwar hanyarsa, sabuwar ta rasa aiki, ta tsuke kamar zare. Jijiyar hannu ta fi saurin yin haka, shi ya sa ba a son dasa ta sai inda toshewar ta yi ƙamari.

Sai hannun likita. Ɗinka jijiya mai faɗin milimita biyu a kan zuciyar da ke motsi, ta ƙaramar kafa, aiki ne da ba ya yafe kuskure. Jijiyar na iya murɗewa, ko ta gaza tsawo ta ɗame, ko bakin ɗinkin ya tsuke. Wani bincike da aka yi a asibitocin tsoffin sojojin Amurka, wanda aka wallafa a 2009, ya gano cewa bayan shekara guda kimanin kashi 83 cikin 100 na jijiyoyin da aka dasa zuciya na bugawa ne ke buɗe, alhali na waɗanda aka yi da inji sun kai kusan kashi 88. An buɗe ƙirji gaba ɗaya a binciken, masana da dama kuma sun ɗora bambancin a kan ƙarancin gogewar wasu daga cikin likitocin. Saboda haka ne cibiyoyi da yawa ke auna gudun jini a cikin jijiyar da na'ura kafin a rufe ƙirji, a warware ɗinkin nan take idan ya sami tangarɗa.

Lokacin da toshewa ta auku kan nuna sanadinta. A watan farko, yawanci gudan jini ne ko matsalar ɗinki. Daga nan zuwa shekara guda, bangon jijiyar ne ke kauri ta ciki. Bayan haka kitse ke sake taruwa, kuma a wannan mataki rabon majiyyaci a aikin ya fi na likita. Ana fara ba da asfirin cikin sa'o'in farko bayan tiyata, a ci gaba da shi tsawon rai, tare da magungunan rage kitsen jini. Shan taba, da ciwon sukari ko hawan jini da ba a kula da su ba, suna gaggauta lalacewar jijiyar. Wanda ciwon ƙirji ko haki ya dawo masa bayan tiyata, a yau ana iya duba jijiyar da hoton na'urar sitisikan ba tare da an sake yanka shi ba.