Waiwaye Kan Binciken Koyar da Lissafi da Harshen Uwa a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya koyar a ƙananan azuzuwan firamare ya san yaron da ke tallar ƙosai yana ba da canji daidai, amma in an ɗora masa wannan lissafin a allo cikin Ingilishi sai ya yi tsuru-tsuru. Wannan maƙala ta waiwayi abin da manazarta suka gano game da wannan matsala, da kuma yadda manufofin gwamnati suka riƙa sauyawa a kanta.

2.0 Zamanin Sabon Lissafi

A shekarar 1962 aka fara tarurrukan rubuta littattafan lissafi a Entebbe ta ƙasar Yuganda, inda masana daga Afirka da Amurka suka haɗu. Farfesa Grace Alele-Williams na cikin 'yan Nijeriya da suka yi fice a wannan aiki. Littattafan sun zo da abin da aka kira sabon lissafi, wanda ya ƙunshi darussa irin su rukunin abubuwa da ƙidaya bisa tushe daban-daban. Sai dai ba a horar da isassun malamai ba, ga shi kuma shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu maƙil. A watan Janairun 1977, a wani taro a Benin, Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke sabon lissafin.

3.0 Shigowar Batun Harshe

A shekarar 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara dukkan darussan firamare, har da lissafi, da Yarbanci na tsawon shekara shida, ana koyar da Ingilishi a matsayin darasi guda. Rahotonsu da aka buga a 1989 ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, sun ma ɗara su a wasu darussan. Abin lura shi ne, masu gwajin sun rubuta littattafai, sun ƙirƙiro kalmomi, sun kuma horar da malamai.

Haka kuma, a taron da hukumar UNESCO ta shirya a Nairobi a 1974, masanin harshe M.A.K. Halliday ya bayyana cewa lissafi yana da salon magana nasa na musamman, wanda ya wuce jerin kalmomi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta amince a fara karatun firamare da harshen uwa ko na muhalli, sannan a 1987 aka buga keɓaɓɓun kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa.

4.0 Binciken Baya-bayan Nan

Daga farkon wannan ƙarni, bincike ya koma cikin aji. Littafin Jill Adler na 2001 ya nazarci malaman lissafi a azuzuwa masu harsuna da yawa a Afirka ta Kudu. A 2016 kuma aka buga nazari na 21 na hukumar ICMI, wadda ke kula da koyar da lissafi a duniya, kan bambancin harsuna. Waɗannan ayyuka sun nuna cewa harshen gida kayan aiki ne a hannun malami, kuma surka shi da Ingilishi cikin tsari yana taimaka wa fahimta.

Hausa ba ta rasa irin wannan jari ba. Mai cewa "ashirin ba ɗaya" ya riga ya yi ɗebewa, mai cewa "biyu-biyu" ya kama hanyar rabawa, ga kuma rabi da sulusi da rubu'i da malaman gado suka daɗe suna aiki da su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne littattafan aji da jagoran malami da za su ɗora darasi a kan wannan tushe.

5.0 Kammalawa

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan manufa, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Wanda ya duba 1977 da 2025 zai ga kama: manufa ta riga littafi da malami isa aji, da ta ci tura sai aka ɗora mata laifi. Ko da wane harshe doka ta tanada, yaron zai zo makaranta yana ƙirga da harshen gidansu. Saboda haka wajibi ne masu tsara manhaja su gwada kalmomin 1987 a aji, su rubuta jagoran malami mai harshe biyu, kwalejojin ilimi kuma su koyar da amfani da shi. Da ma Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.