Audu Bako da Ruwan Tiga

A watan Mayun 1967, da gwamnatin Yakubu Gowon ta raba Najeriya zuwa jihohi 12, sai aka damƙa Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, a hannun wani jami'in ɗan sanda. Sunansa Audu Bako, an haife shi a 1924.

Jihar da ya tarar ta manoma ce, amma galibin nomansu na damina ne. Da an kammala girbi sai magidanta su watse cin rani, alhali ruwan da ya sauka ya riga ya bi Kogin Kano ya gangara gabas. Audu Bako ya ƙudurta tare wannan ruwa. Gwamnatinsa ta fara da madatsar Bagauda, sannan ta gina ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya ƙone amfanin gona ya halaka dabbobi a yankin Sahel. Daga Tiga aka ja magudanan da suke shayar da filayen Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da tumatur da alkamar rani da ake nomawa a can a yau, wannan shawara ce tushensu.

Sai dai ruwan da aka tare a sama, an rage wa na ƙasa ne. Fadamun Haɗeja da Nguru sun dogara da ambaliyar shekara-shekara wajen noman shinkafa, kamun kifi da kiwo. Bayan Tiga, da madatsar Challawa da ta biyo baya a 1992, ambaliyar ta ragu, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, har wasu masunta da manoma suka rasa abin yi.

Juyin mulkin Yulin 1975 ya kawo ƙarshen gwamnatinsa, yana kuma cikin gwamnonin Gowon goma da binciken gwamnatin Murtala Muhammed ya samu da laifi. Ya koma gona, ya rasu a 1980. Yau kwalejin aikin gona ta Ɗambatta da gidan namun daji na Kano sunansa suke ɗauke da shi. Tambayar da Tiga ta haifar kuwa tana nan tsakanin Kano, Jigawa da Yobe: wa zai sha ruwan, kuma nawa za a sakar wa na ƙasa?