Daga gindin mangwaro zuwa na'urar ɗaga mota: tarihin shiga ƙarƙashin mota a Suleja

Kwanan nan maganar na'urar ɗaga mota ta yawaita a bakin 'yan uwanmu masu gini. Wani ya gan ta a garejin zamani a Abuja, ya dawo yana tambaya ko za ta shiga gidansa, ya ɗora mota ɗaya a sama ya ajiye ɗaya a ƙasa, ranar hutu kuma ya juye baƙin mai da kansa. Kafin kowa ya fitar da kuɗinsa, mun ga ya dace mu waiwayi yadda garin nan ya kai ga wannan tambaya.

Sa'ad da Abu Ja ya kafa garin a 1828, bayan rasuwar ɗan uwansa Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, doki ake ɗaurewa a ƙofar gida, kuma fili ba abin damuwa ba ne. Ko da mota ta zo, ta daɗe tana hannun masarauta, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Abin da ya juya komai shi ne dokar 3 ga Fabrairu 1976, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa sabon babban birnin tarayya da ita. Muka ba da ƙasa, muka ba da sunan Abuja, garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko na hukumar gina birnin a nan suka sauka, shi ya sa har yau muke da unguwar Field Base. Tare da su tifofi, rokoki da motocin 'yan kwangila suka zo, bayansu kuma makanikai daga Kaduna, Kano, ƙasar Yarabawa da ƙasar Ibo.

Garejin wancan zamani inuwar itace ne, akwatin sifanu, da kwali na kwanciya. A lokacin ne kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya cika hanyoyinmu da Fijo 404 da 504. Motoci ne masu tsayin ciki, marasa rikici. Bakanike zai sa jak, ya tura tsohon wili ko faskaren itace, yaron gareji ya sulala ƙarƙashi. In aikin ya yi girma, a tara majiya ƙarfi su karkata motar gefe ɗaya a tokare ta. An yi aiki da hakan shekaru, amma mu faɗi gaskiya, an kuma yi asara. Da wuya ka zauna da tsohon bakanike bai ba ka labarin wanda jak ya kuɓuce wa ba, ko wanda bulo ya fashe a kansa. Bulon siminti yana ɗaukar nauyin bango saboda nauyin ya bazu a kansa. In ƙarfen mota ya danne shi a wuri guda, ba ya gargaɗi kafin ya ruguje.

Rami shi ne ci gaban da ya biyo baya. A haƙa shi daidai tsayin mutum, a yi masa bulo da matakala, mota ta hau ta tsaya a kai. Gidajen mai ne suka fi saba mana da shi wajen juye baƙin mai da sa giris. Rami ba ya neman wuta, ba ya lalacewa, bakanike yana aiki a tsaye. Aibinsa biyu ne, kuma dukansu mun san su. Tururin fetur ya fi iska nauyi, sai ya sauka ya kwanta a ƙasan ramin, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Na biyu ruwa. Duk wanda ya ga ambaliyar da ta afka wa garin nan a Yulin 2017 ya san abin da damina ke yi wa kwari a Suleja. Rami a unguwa mai gangare rijiya ce ta sauro, ga yara suna wasa a tsakar gida.

Abin mamaki, ƙin shiga rami ne ya haifi na'urar da muke magana a kai. Wani bakanike mai suna Peter Lunati a birnin Memfis na Amurka ya lura da yadda kujerar aski ke tashi da mutum da ƙarfin mai, ya ce me zai hana a yi wa mota haka. A 1925 ya fito da na'urarsa mai ginshiƙi ɗaya da ke fitowa daga ƙasa. Wato tana da shekara ɗari a duniya, mu ne dai ba ta iso mana da wuri ba, don aikin hannu a wurinmu ya fi ƙarfe araha.

Abu biyu suka sa yanzu muke waiwayarta. Bayan 1986, da naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, muka koma 'yan Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano: Golf, Honda, daga baya Corolla da Camry. Waɗannan cikinsu a ƙasa yake, ƙarƙashinsu a cushe, sauke giya ko canja kuloci a kwance kan kwali wahala ce. Sannan ga matsi. Tun da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, da kuma rushe-rushen da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007, jama'a suka yi ta kwararowa Suleja, Madalla, Gauraka da Kwamba. Filin da kakanninmu za su kira kangon akuya, yau gida ne mai mota biyu da wurin ajiye ɗaya.

To, wacce ce ta gida? Mai ƙafa biyu, wadda ake gani a garejoji, tana kama motar ta gefen ciki, tayoyi su rataya. Ita ce ta gyara: birki, salansa, giya, duk a fili. Amma dukan nauyin yana kan ƙusoshin da aka kafe a daɓe, saboda haka masu ƙera ta ke sharɗanta kankare mai ƙarfi, kaurinsa bai gaza santimita 10 ba. Daɓen yawancin gidajenmu, mun san yadda birkila ke yin sa: yashi da yawa, siminti kaɗan, a shafe sama ya yi sheƙi. Irin wannan sai an fasa an sake zubawa. Tana kuma son rufi mai tsayin kusan mita 3 da rabi, kuma in ba a daidaita hannuwanta a inda ya kamata ba, mota na iya rinjaya.

Mai ƙafa huɗu ita ce ta ajiya. Mota tana hawa da tayoyinta kamar gada, nauyi ya rabu gida huɗu, wata motar ta shiga ƙasa. A auna tsayin motocin biyu, a ƙara kaurin dandamalin da ɗan sarari, a ga ko rufi ya isa. Corolla biyu daban, Corolla da Hilux daban. A sa faranti ƙarƙashin ta sama, don tsohuwar mota ba ta rasa ɗigon mai. Yawancin na gida suna ɗaukar tan 3 zuwa 4, wanda ya wadaci kowace motar iyali.

Akwai kuma abin da mai sayarwa ba lalle ya gaya maka ba. Waɗannan na'urori suna da maƙalai na ƙarfe da motar ke zama a kai bayan ta tashi, kuma kafin a sauke ta sai an ɗan ƙara ɗaga ta an saki maƙalan. Ma'ana, in an ɗauke wuta da asuba, motarka tana sama, kai kuma kana da aiki a Abuja ƙarfe 8, sai janareto mai ƙarfin da zai iya tayar da injinta. A kuma tambaya tun farko ko ta layin wuta ɗaya ce ko ta layi uku, don yawancin gidajenmu layi ɗaya ne.

A ganinmu, mai mota ɗaya da ke son juye mai da duba birki bai buƙaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Jak mai kyau, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, da ƙasa mai laushin kwanciya amma mai tauri, sun ishe shi. Wanda ya fi cancantar mai ƙafa biyu shi ne bakaniken da yaransa ke kwana ƙarƙashin motocinmu. In masu hali a cikinmu za su haɗa kuɗi, a can ya kamata a fara kafa ta, a zuba daɓen a gaban idon wanda ya saya, a bar kankaren ya yi kwana 28 kafin a huda shi.