Daga Duwatsun Birnin Kudu zuwa Na'urar Jera Kiɗa

Cikin tsofaffin kayan kiɗan da aka sani a kudancin Jigawa akwai duwatsu. A Birnin Kudu, kusa da kogunan dutse masu zanen shanu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai duwatsun da ke amsa amo kamar ƙararrawa idan an ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya lura da su a 1955, ya wallafa bayaninsu a 1956. Yawan duka ya bar ramuka a jikinsu, kuma kowane gurbi da irin muryarsa.

Kiɗan da ya game ƙasar, daga Birnin Kudu har Gwaram, na fata ne: gangar noma wurin gayya, kalangu wurin mahauta da taron biki. Tsarinsa shi ne wasu su riƙe gindin kiɗa suna ta maimaita shi, babban makaɗi yana yawo a kai.

Wannan maimaicin ne na'ura ta karɓa. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fitar da TR-808 mai jerin maɓallai 16, kowanne na wakiltar taki guda. Inda aka danna nan ganga ke faɗuwa, in an kai ƙarshe a komo farko. Ƙasar Hausa ta san wannan dabara ta hanyar fiyanon Yamaha da ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990 don waƙoƙin fim, sannan manhajar FruityLoops, wadda ta koma FL Studio a 2003, ta kai ta cikin kwamfuta.

Mai haɗa irin wannan na'ura a gida yakan ɗora ta a kan ƙaramin allo kamar Arduino, wanda ya fito daga Italiya a 2005. Yana buƙatar agogo mai ƙirga taki, da ma'ajiyar da ke tuna gurbin da aka kunna wa kowace ganga, da sautukan da aka naɗa. Wahalar tana wajen ƙirga. Taki 16 ya dace da kiɗan da ke tafiya huɗu-huɗu, alhali da yawa daga kaɗe-kaɗen gargajiya a Afirka ta Yamma uku-uku suke tafiya, don haka taki 12 ya fi karɓarsu. Kalangu kuwa ya fi kowace ganga gardama, domin makaɗi na matse igiyoyinsa a hammata yana ɗaga murya yana sauke ta bisa karin harshe. Maɓallin kunnawa da kashewa bai isa ba. Sai an ba kowane taki nasa ma'aunin kaifin murya, da hanyar zamewa daga wannan murya zuwa waccan.