Daƙiƙa 53 a Sararin Sama: Tarihin Tafiyar Jirgi Mafi Gajarta a Duniya

A can arewacin Sikotlan, cikin tsibiran Orkney, akwai filayen jirgin sama biyu da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kilomita 2.7 ba. Ɗaya yana tsibirin Westray, ɗayan kuma yana Papa Westray. Jirgi kan tashi daga wannan ya sauka a wancan cikin minti ɗaya da rabi, idan iska ta ba shi baya ma, ƙasa da haka. Babu wata tafiyar jirgin fasinja ta yau da kullum da ta kai ta gajarta a duniya.

Asalin lamarin yana komawa ga Kyaftin Fresson, wanda kamfaninsa na Highland Airways ya haɗa birnin Inverness da Kirkwall, babban garin Orkney, a 1933. Shekara guda bayan haka ya fara sauka a makiyayun ƙananan tsibiran. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan zirga-zirga a 1939, mazauna tsibiran suka koma dogaro da jirgin ruwa, wanda igiyar hunturu kan hana shi fita.

A shekarun da suka biyo baya, matasa suka yi ta ƙaura. Kowa kuwa yana sane da makomar St Kilda, inda aka kwashe sauran mutanen da suka rage a 1930. Papa Westray, wanda ya taɓa ɗaukar mutum fiye da 300 a ƙarni na 19, ya kama hanyar zama kufai.

A 1967 kamfanin Loganair ya farfaɗo da zirga-zirgar da jirgin Britten-Norman Islander, mai ɗaukar fasinja takwas, wanda gajeren fili ke isarsa tashi da sauka. A nan ne sirrin gajartar yake: jirgin ba don wannan ɗan tsallake yake fitowa ba. Daga Kirkwall yake tasowa, ya zagaya tsibiran biyu ya koma, domin jirgi ɗaya ya biya wa al'umma biyu buƙata. Majalisar Tsibiran Orkney ce ke tallafa wa hanyar da kuɗi, saboda kuɗin tikiti kaɗai ba zai riƙe ta ba.

Matuƙi Stuart Linklater ya bi wannan hanya fiye da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013, kuma shi ne ya taɓa kammala ta cikin daƙiƙa 53. Fasinjojinsa sun haɗa da malaman makaranta, ɗalibai, ma'aikatan lafiya, da masu zuwa ganin Knap of Howar, gidan dutse mai shekara fiye da 5,000.

Ƙidayar 2001 ta sami mutum 65 a Papa Westray, ta 2011 kuma ta sami 90. Ba jirgin kaɗai ya kawo wannan ƙari ba, amma da wuya iyali su zauna a tsibirin da isa asibiti ya dogara ga lafawar teku.